Neman shawara: jarumina ya fi ƙarfin labarin, masu karatu sun fara gudu

Ɗan Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana littattafan yaƙi ku agaza min. Wata huɗu kenan ina sakin wani labari kashi-kashi, irin na takobi da tsafi, yanzu ina kashi na 23. Da farko kamar a cinye ni, yanzu kuwa in na saki sai mutum biyar shida, suma "Allah ƙara basira" kawai su wuce. Wata baiwar Allah ce ta cire kunya tace min ita tun kashi na 10 ta san yadda duk faɗa zai ƙare shiyasa ta daina bi. Jarumin nawa yana da takobin sihiri, da zoben ɓata, da aljani mai yi masa hidima, ga shi boka ya dafa shi ƙarfe baya kama shi. Wani abokina yace inje in duba labaran Conan na Turawa, na kalli fim ɗin Conan ɗin na 1982 wanda Arnold Schwarzenegger ya fito a ciki, ni dai banga abin da ya fi namu ba, ƙato ne kawai da takobi. To ina matsalar take? In kashe jarumin ne in huta ko da gyara?

Tsohon Makaranci:
Wa alaikumus salam. Ƙanina fim ɗin nan ba shi abokinka yake nufi ba, asalin labaran yake nufi, kuma da bambanci sosai. Wani Ba'amurke ne Robert Howard ɗan jihar Tezas ya rubuta su, na farko ya fito a mujallar Weird Tales a Disambar 1932, shi kuma ya rasu 1936 yana da shekara 30 kacal. Abin da zaka fara lura dashi shine a yawancin labaran Conan bashi da tsafi ko na sisin kwabo. Ba zobe ba laya ba aljani. Tsafi a hannun abokan gaba yake, shi abin da yake dashi ƙarfi ne da zafin nama da wayon mutumin daji, kuma tsoron tsafin yake ji, gashin jikinsa na tashi in ya haɗu da abin da ba mutum ba. Kai kuma ka kwashe kayan bokan gaba ɗaya ka jibga wa jarumi, to me ya rage mu ji tsoro? Wanda ƙarfe baya kamawa ai ko an zagaye shi da dakaru dubu mu shayi zamu ci gaba da sha.

Uwar Biyu:
Wlh nima abinda yasa na gaji da wasu littattafan kenan, da anga jarumi ya shiga uku sai kawai ya shafa zobe aljani ya bayyana. Haba. Ko a tatsuniya gizo sai ya sha wuya kafin ya tsira

Ɗan Alƙalami:
Hajiya kin taɓa ni a nan, sau huɗu na yi wannan na shafa zoben. Yaya to in na cire tsafin me zai riƙe labarin?

Tsohon Makaranci:
Bari in baka misali ɗaya da nafi so, labarin hasumiyar giwa na 1933. A nan Conan saurayi ne ɓarawo, baƙo a wani birni, yaji ana hira a mashaya cewa wani matsafi mai suna Yara yana da wani dutse mai daraja a saman hasumiyarsa ba wanda ya isa ya sato. Ba ceton duniya ya fito ba, ba annabta shi aka yi ba, kwaɗayi ne da taurin kai kawai. Ya haura katanga, ya haɗu da wani ɓarawon suka haɗa kai, aka yi zakuna aka yi ƙaton gizo-gizo mai dafi, abokin ya mutu. Da ya isa ciki sai ya tarar da wata halitta mai kan giwa, makauniya, matsafin ya daɗe yana azabtar da ita yana tatsar iliminta. Kaga mai karatu ya gama shirin ganin faɗa da dodo, sai dodon ya zama abin tausayi, shi da kansa ya roƙi Conan ya kashe shi don ya samu ya rama. Matsafin ya halaka, hasumiya ta ruguje, Conan ya fito hannu rabbana, ko dutsen bai samu ba. Wannan fitowa hannu rabbana ɗin kusan al'adar irin labaran ce, ko ya samu dukiya zuwa labari na gaba ta ƙare a mashaya ko an sace, dole ya sake fita nema. Da haka ake samun labari na gaba ba sai an ƙirƙiro sabon sarkin bokaye da yafi na baya ba.

Sannan ka lura, dare ɗaya ne duk abin ya faru, waje ɗaya. Mu kuma sai tafiyar kwana arba'in a daji na farko, kwana arba'in a na biyu, har daji bakwai.

Na Bakin Kasuwa:
Ni ban yarda a ce dole jarumi ya zama bashi da kayan tsafi ba. Akwai Elric na Michael Moorcock ɗan Ingila, ya fara fitowa 1961, takobinsa ai tsafi ce tsantsa. Sai dai shi zabiya ne mara lafiya, in ba magunguna ko takobin ba ko tsayuwa baya iyawa, ita kuma takobin rayukan mutane take sha ta bashi ƙarfi, kuma bata zaɓe, har macen da yake so da abokansa ta kashe. Kaga duk sanda ya zare ta gabanka faɗuwa yake don baka san wa zata ci ba. Don haka malam marubuci ba sai ka ƙwace takobin ba, ka sa mata farashi. Aljanin nan naka me ake biyansa? Kyauta yake aiki kamar ɗan agaji? A garinmu ma kowa yasan boka baya aiki sai da sharaɗi, kuma sharaɗin ne yake cin mutum daga baya.

Tsohon Makaranci:
Gaskiyarka, na yarda. Shekarar 1961 ɗin ma ita ce aka raɗa wa irin labaran suna, Moorcock ɗin ne ya nemi a samo musu suna sai Fritz Leiber ya kawo wanda a Hausa zamu ce takobi da tsafi. Shi Leiber ɗin nasa jaruman biyu ne, dogo ɗan arewa da gajere ɗan birni mai wayo, tun 1939, rabin daɗin labarin gardamarsu ce da talaucinsu. Wannan ma dabara ce, ka ba jaruminka aboki da zai dinga musu dashi.

Malama Mai Alli:
Ɗana shawara ɗaya, kar ka kwaso komai. Labaran Howard ɗin akwai raina baƙar fata a cikinsu ƙarara, kuma mata da yawa aikinsu ihu ne a jira a cece su, duk da akwai irinsu Belit shugabar 'yan fashin teku da Valeria masu riƙe takobi da kansu. Wata mace ma C. L. Moore ta yi nata da jaruma mace mai suna Jirel tun 1934 a mujalla ɗaya dashi. In kana son wanda ya fi kusa da mu ka nemi Imaro na Charles Saunders, baƙar fata ne haifaffen Amurka, littafin ya fito 1981, ya gina duniyarsa a kan Afirka ya kira ta Nyumbani, dalilinsa kenan na rubutawa, ya gaji da yadda ake nuna baƙaƙe. Kuma kar ka manta namu ba jiya aka fara ba, Ganɗoki na Bello Kagara daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 ya fito, kusan lokaci ɗaya da Conan ɗin, ga yaƙi ga aljanu ga kirari. Kirarin nan su basu dashi irin namu, kar ka yar.

Ɗan Zaure:
Ni tambayata bangaren addini, su jarumansu gumaka suke bautawa fa

Na Bakin Kasuwa:
Conan ɗin ma abin bautarsa Crom ba ya amsa roƙo, rantsuwa kawai yake da sunansa, shiyasa komai da hannunsa yake yi. Namu kuma yawanci a ƙarshe ma'abocin addinin Musulunci ne yake zuwa ya karya tsafin da addu'a, kuma masu karatunmu suna son hakan ba laifi. Inda ake kuskure shine a ajiye shi sai shafin ƙarshe ya faɗo daga sama ya gama komai cikin layi uku. In zaka yi haka ka shigo dashi da wuri, a ga ya ji yunwa ya ji rauni an kore shi, a san shima mutum ne.

Ɗan Alƙalami:
Kai nagode ƙwarai wlh, Allah ya saka. Ga abin da nake tunani, a kashi na 24 aljanin zai zo karɓar ladan sau huɗun da ya cece shi, kuma ƙanwar jarumin zai nema. Zoben kuma a sace a kasuwa. Maganin ƙarfen ne ban san yadda zanyi dashi ba tunda na riga na faɗa tun kashi na 2.

Uwar Biyu:
Ƙarfe kace baya kama shi ai baka ce itace ba, baka ce igiya ko ruwa ko guba ba. A samu wata tsohuwa ta rafka masa taɓarya mu gani

Tsohon Makaranci:
Hajiya ta gama magana. Amma ƙanwar nan mun santa kuwa? In bata taɓa fitowa ba ka bamu kashi biyu da ita tukuna kafin aljanin ya zo, ka ɗaga zuwansa zuwa 26.

Ɗan Alƙalami:
Sau ɗaya ta fito tana kawo masa fura. To 26 ɗin, daren Juma'a zan saki 24 in sha Allah