Neman gurbi a Seri C, fasaha ko faranko-arab: kowa ya faɗi yadda ya sha

Wani uba, birnin Tawa: Salamu alaikum ƴan'uwa. Da sakamakon BEPC, jarrabawar gama kwaleji, ya fito iyaye ke fara zarya, don ajin da kowa ke so a lise, kamar Seri C na lissafi da fizik, guraben sa kaɗan ne. Wanda ya bi hanyar nan ya gaya mana abin da ya gani, mu samu abin kai wa taron COGES, kwamitin kula da makaranta.

Wata uwa, wajen Keita: Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗiyata ta yi segon C, ajin farko na lise, lafiya lau, lissafi ne abin da ta fi so. Da za ta shiga farmiyar, aji na biyu, aka ce babu ajin C a garinmu, ko ta ɗauki Seri D na kimiyyar halittu ko ta tafi Tawa. Muka kai ta gidan dangin babanta. Mutanen kirki ne, ban zarge su ba, amma yarinya baƙuwa ba ta zama da littafi uwar gida na aiki. Asuba ɗiban ruwa, ta dawo lakwal ga wanke-wanke, sai dare ya raba ta kunna tocila a zaure tana bita. Da na je ganinta na tarar ta rame, littafinta na lissafi duk tabon miya. Kafin shekara ta ƙare na maido ta gida ta shiga D. Har yau abin na cina, don kanta na ja, masauki ne ya kayar da ita.

Malamin lissafi, ɗan kwantaragi: Hajiya, Allah ya ba da lada. Seri C lissafi da fizik ne ƙashin bayanta, to malaman darussan nan biyu su ne suka fi wuyar samu, kuma wanda ya samu wani aiki sai ya ajiye alli. Na koyar inda malamin fizik ɗaya ke zagaya duk azuzuwan lise, ɗakin gwaji kuwa babu, a allo yake zana kwalba da waya. A ganina gara a tara yaran kwalejojin da ke kusa a babban garin kowace gunduma, Konni, Madawa, Illela, Buza, a gina masu wurin kwana da abinci. An fara irin haka ga ƴan mata, kamar gidan kwana na Kelle a jihar Damagaram.

Wani mai gyaran lantarki: Ni Maradi na yi, a lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa, da ita nake ci da iyali yau. Mushenmu na tarwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, ne ya gaya mini akwai ta, ya cika mini takardu da hannunsa. Abokaina na ƙauye da suka fi ni ƙoƙari ba su taɓa jin sunanta ba. A riƙa sanarwa da Hausa da Tamajak a rediyon karkara.

Wani malami, Abalak: Kar a manta faranko-arab, makarantar da ke koyar da Faransanci da Larabci tare. Tun 1957 aka buɗe madarasar farko a Say, kuma iyaye da yawa da ke gudun boko da ita suka yarda. Firamare ana samu kusa, kwalejinta ce ke nisa. Ɗan ƙanena ya koma kwalejin gama-gari, Larabcin duk ya zube.

Wata ma'aikaciya, Yamai: Malamin lissafi, na yarda da kai, amma ina da tsoro guda. A buɗe aji a rubuta masa C ba malami, ranar BAC, jarrabawar gama lise, yara su zube, wannan cuta ce. Ko a nan Yamai, shiga Lycée d'Excellence sai da gasa, kuma a unguwarmu waɗanda na ga sun ci duk an ɗaukar masu malamin gida. Ɗana ya gwada bai samu ba, ba mu da kuɗin kur. Malamai nake so a fara samarwa.

Malamin lissafi: Gaskiya ne Madam. Alhaji, kafin taron ku nemi daraktan ya ba ku yawan yaran da suka nemi C bana da yawan malaman lissafi da fizik da yake da su, da wannan za ku je wajen sufeto. Masu shirin gasa kuma su tanadi takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa tun yanzu, don fitar da su kan ɗauki lokaci.