Kwamitin Haɗin Gwiwa Zai Zo Duba Makarantu

Malamin Aji Uku:
Dattawa da Wakilai sun yi gayya,
Wai za su zo duba makarantunmu.
An share fili, an shafa farar ƙasa,
An aro benci a wurin maƙwabtanmu.
Su zo ran da ruwa ke zuba ta kwano,
Su ga inda muke zaunar da 'ya'yanmu.

Sarkin Tsari:
Malam, bar ƙorafi, buɗe kundin mulki,
Sashe na 62 ne tushensa.
Na 88 ya ba shi ikon bincike,
Ya kira minista ya zo da kansa.
Kai da ba ka gama manhajar zango ba,
Kwamiti kake wa gorin aikinsa?

Malamin Aji Uku:
Ikon kira ai ladan ma yana da shi,
Sai dai shi in ya yi kira ana zuwa.
Dokar UBE ta ilimin bai-ɗaya tun 2004 take,
Kashi 2 cikin 100 na kuɗin tarayya ake warewa.
Sai jiha ta kawo nata kason ta ɗauka,
In ta ƙi, kuɗi a UBEC, hukumar tarayya, suke kwantawa.
Gwamnan da ya ƙi, wa zai kamo shi?
Kwamitin Abuja iyakarsa tsawa.

Uwar Biyu: Allah ya ƙara basira, Malam! Yau ɗan koren 'yan majalisa ya ji a jikinsa.

Bakatsine: Tsaya tukuna, Hajiya. Ɗango na uku ɗingishi yake. Faɗi "dubu biyu da huɗu" da baki ki ji yadda kari ya karye. Kuma amsa-amon "wa" ai ko ɗan koyo ya iya.

Uwar Biyu: To na mutuminka mai "sittin da biyu" fa? Shi ba ka ji shi ba?

Bakatsine: Shi ma ya karye, amma da ladabi ya karye.

Malamin Aji Uku: Baba, shekara uku kana auna baitin mutane, ba mu taɓa ganin naka ba.

Bakatsine: Ƙwar biyar nake yi. Ba na zubar da ita a kasuwa.

Ɗan Kurmi:
Ku bar awon gaɓa, ku zo Kano,
2024 muka sa dokar ta-ɓaci.
Ilimi muka ɗauka da gaske,
Ba mu jira kwamiti ya ba mu lokaci.

Uwar Biyu: An fara kamfe ke nan. Wa ya tambaye ka?

Sarkin Tsari: Na makara, wuta aka ɗauke. Malam, ga naka:
Kana ta zagin masu sa ido,
Kai wa ya sa ido a kan allonka?
A 2017 Kaduna ta gwada malamai,
Tambayar aji huɗu, kusa da ajinka.
Sama da dubu 21 aka sallama,
Gode Allah ba can ne aikinka.

Malamin Aji Uku:
A gwada ni gobe, alli na hannu,
Amma a haɗa da masu kwamiti.
A ba su jimlar alawus ɗin rangadi,
Su raba ta da kuɗin benci da siminti.

Ɗan Kurmi: Kwamiti da siminti! Baba Bakatsine, wannan fa?

Bakatsine: Amsa-amo ya zauna. Karin dai har yanzu da sanda yake tafiya.

Uwar Biyu: Bari ni ma in gwada, kada wanda ya auna min:
Firamare ta SUBEB, hukumar jiha, ce da ƙaramar hukuma,
Me ya kai ku Abuja neman mai duba ta?
Sashe na 128 na majalisar jiha ne,
Ɗan majalisarmu ko hanyarta bai san ta ba.

Bakatsine: Hajiya, "ta" da "ba" ba sa amsa juna.

Uwar Biyu: Na ce kada a auna!