Neman shawara: ina zan riƙa adana shafukan da nake samowa a intanet?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni, ajin ƙarshe, ina rubuta furojet kan durƙushewar masaƙun Kakuri da ke Kaduna. Duk shafin da na ga zai yi mini amfani sai in bar shi buɗe a Chrome, wasu kuma in ɗauki hoton fuskar waya. Wayar ta samu matsala, mai gyara ya yi mata filashin, komai ya tafi. Ga malamina yana tambayar inda na samo kowane bayani. Don Allah wace hanya ce ta fi, wadda ko waya ta ɓata abu na nan?

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar da alheri. Kafin komai, shiga Chrome da imel ɗin da kike amfani da shi a da, ki duba tarihin shafukan da kika buɗe. In Sync, wato abin da ke kwafe bayanan Chrome zuwa akawun ɗinki, a kunne yake, za ki tsinci wasu. Daga yanzu kuma, tauraron nan da ke cikin ɗigo ukun sama shi za ki riƙa dannawa don adana shafi. A kwamfuta Ctrl da D ne. Muddin kin shiga da akawun ɗinki na Google kuma Sync a kunne yake, abin da kika adana yana akawun ɗin, ba a jikin wayar kaɗai ba.

'Yar Malali: Ni dai kaina nake tura wa a WhatsApp, ba ruwana da wani tauraro.

Malami daga Tudun Wada: 'Yar Malali, wannan ya yi wa adireshi biyar ko goma. Ranar da suka kai ɗari, ga hotunan biki da lissafin adashe sun cakuɗe da su, sai an yi ta jan allo kamar mai tsintar allura a rairayi. Ke kuma ɗiyata, adanawar ba ita ce wahalar ba, tsarawar ce. Ki buɗe folda ga kowane babi na furojet ɗin. Ki kuma canza wa kowane shafi suna lokacin adanawa, domin sunan da yake zuwa da shi sau da yawa ba ya nuna komai. Ki rubuta misali "buɗe masaƙar KTL, 1957, babi na biyu". Bayan wata uku kina buga kalma ɗaya zai fito. Sannan ki sani adireshi kawai kika ajiye, ba rubutun ba. Jarida kan sauke labari, shafi kan mutu. Duk abin da za ki kafa hujja da shi, ki sauke shi a matsayin PDF ki zuba a Google Drive, tare da ranar da kika karanta shi, don za a nema a jerin manazarta. In shafi ya riga ya mutu, ki liƙa adireshinsa a Wayback Machine, shafin da ke taskance shafukan intanet, galibi akan samu tsohon kwafi.

Injiniya, Barnawa: Malam ya gama magana. Ƙarina ɗaya: kada a jingina da manhaja guda. Mutane da yawa sun tara karatunsu a manhajar adana shafuka ta Pocket, Mozilla ta rufe shi a 2025. Lokaci-lokaci ki hau kwamfuta, ki buɗe Chrome, ki danna Ctrl, Shift da O, ki fitar da duk shafukan da kika adana a fayil guda na HTML ki ajiye. Firefox da Edge, takwarorin Chrome, duk suna karɓarsa.

Ɗan Kawo: Na manta, in kin je shagon buga takardu kika shiga akawun ɗinki a kwamfutarsu, ki tabbata kin fita kafin ki tashi. Kalmar sirrin ma ki rubuta a takarda ki ɓoye a gida.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na duba tarihin, wasu sun dawo. Malam, Drive ɗin kyauta ne?

Malami daga Tudun Wada: Giga 15 kyauta ne, amma da Gmail da hotunanki suke raba shi.