Me za mu kira katalis da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa, wata kalma ce ta tsaya min a wuya tun ranar Talata. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare ta ƙauye nan wajen Ringim, to muna kan darasin takin zamani sai na kawo musu labarin Fritz Haber, Bajamushen da ya gano yadda za a kamo naitirojin daga iska a haɗa shi da haidirojin a samu amoniya, wadda da ita ake yin yuriyar nan da muke zubawa masara da shinkafa. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne amma shuka ba ta iya cinsa a haka, ƙwayoyinsa biyu biyu suke a ƙulle tamau. Haber ya samu kyautar Nobel ta 1918, Carl Bosch da ya kai abin masana'anta ya samu tasa a 1931. To duk zafin da ake ba tukunyar, wajen digiri 400 zuwa sama, da matsin da ake mata, in babu ƙarfe a ciki tafiyar hawainiya haɗin yake yi. Wannan ƙarfen shi ake cewa katalis, yana sa abu ya yi sauri kuma in an gama yana nan yadda yake, bai bi takin ba. Wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu tace Malam da Hausa fa? Wallahi haka na tsaya da alli a hannu, kuma abin ya dame ni don ubanta duk damina sai ya sayar da akuya ya sayi takin nan.

Daga Gezawa: Malam ai ba sai an je nesa ba, kanwa ce, uwar gami. Wake ya ƙi dahuwa ka jefa 'yar kanwa nan da nan ya yi laushi.

Hajiya nima ita ta fara faɗo min a rai, amma kanwa narkewa take ta bi tukunya har a ji ta a baki, ba a tsamo ta a sake dafa wani waken. Yara za su ɗauka shima katalis cinye shi ake, kuma kuskuren da nake gudu kenan.

Daga Kazaure: Ni dai ƙaimi nake gani. Mahayi ya taɓa doki da shi doki ya ƙara wuta, shi kuwa ƙaimi yana nan a ƙafa bai ragu ba, ga shi dama muna cewa a ƙara ƙaimi.

Yallaɓai wannan ta yi daɗin faɗa gaskiya, sai da na rubuta ta a bayan littafi. Abin da ya hana ni shi ne ƙaimi tilastawa yake, katalis kuma ba ya tura kowa, hanya mai sauƙi yake buɗewa. Gerhard Ertl da ya ci Nobel a 2007 shi ya nuna dalla dalla abin da ke faruwa a kan fuskar ƙarfen, naitirojin ya sauka ya manne, ƙullin nan ya tsinke, haidirojin ya zo ɗaya bayan ɗaya ya kama, amoniya ta tashi ta bar wajen, wani ya sauka.

Daga Maigatari: To ɗana ai dillali ka gama kwatantawa. Zo kasuwarmu ranar Alhamis ka gani, mai sa ya kafe mai saye ya kafe, sai su wuni ba a ce sallama ba, dillali ya ja wannan gefe ya ja wancan ya haɗa hannunsu, ciniki ya faɗa, shi bai tafi da sa ba bai zama mai sa ba, ya kaɗe rigarsa ya wuce wajen na gaba.

Daga Kazaure: Baba amma dillali yana karɓar la'ada fa.

Haka ne yallaɓai, a nan kaɗai ta kuskure, kuma wannan da jimla ɗaya zan gyara a aji, ince dillali ne da ba ya cin la'ada. Baba Allah ya ƙara girma, ni kam na karɓa. Har aikin Benjamin List da David MacMillan na Nobel ɗin 2021 kalmar dillalin ta ɗauka, don su ƙananan sinadarai marasa ƙarfe suka sa a wannan aikin, kuma abin burgewar suna iya zaɓen wane samfuri zai fi fitowa cikin biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, wanda a haɗa magani ba ƙaramin abu bane. Dillalin sinadari zan rubuta a allo ranar Litinin, jam'i dillalai.

Daga Gezawa: To Malam na cikin miyau fa, wanda yake sa in ka daɗe kana tauna rogo ka ji zaƙi zaƙi, shima dillali ne?

Shima dillali ne Hajiya, na jiki. Zan ma tafi musu da dafaffen rogon su tauna a aji.