Abin da muka tattaro kan rubuta madogara a memuwar

Jiya bayan isha'i a fadarmu ta Ali Dan Sofo, shayi bisa wuta, hira ta juya kan memuwar, wato kundin binciken kammala karatun jami'a, saboda wani ƙanenmu an maido mishi da tashi duk jan bik, wai madogara ba tsari. Ga abin da manya suka ce.

Kafin komai tambayi malaminka wane tsari yake so, a kimiyyar zamantakewa dai galibi APA ne, wato tsarin rubuta madogara na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amirka, bugu na 7 na 2019. Cikin rubutu sunan marubuci da shekara, in kuma kalmominshi ka ɗauko yadda suke to alamar zance da lambar shafi dole ne, nan ne mutane suka fi faɗawa satar fasaha ba su sani ba. Marubuta uku ko fiye, cikin rubutu sunan na farko kaɗai sai et al., wato "da sauransu".

Wata yaya da ta yi sutunans bara, wato ta kare memuwar ɗinta gaban malamai, ta dage kan abu guda kuma wallahi ina bayanta: duk littafin da ka buɗe rubuta shi a kaye nan take, suna, shekara, take, mawallafa, don ita sati biyu ta ɓata tana neman inda ta kwaso jimla ɗaya. Manhajar Zotero kyauta ce, tana wannan aikin, amma a duba bayanta don tana kwaso kuskure.

Alƙaluman ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 kuwa INS, wato hukumar ƙididdiga ta ƙasa, za ka sa matsayin marubuci. Jerin madogara na ƙarshe bisa haruffa, duk wanda ka ambata ciki ya fito can.