Ɗan kunkuru a akwatin gilashi: wane zafi ya dace da shi a Legas?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ɗan kunkuru ne irin manyan nan na sahel, bai wuce tafin hannu ba. Yana cikin akwatin gilashi mai tsawon santimita 90, a ɗaki mai iyakwandishan. Tun da ruwan Yuni ya kankama ya rage ci, sai kwanciya a lungu. Ƙwan fitila ɗaya ne a tsakiyar akwatin. Me ya kamata a gyara?

Mai Kunkuru, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, matsalar farko inda ka rataye ƙwan ne. Kunkuru ba ya samar wa kansa ɗumi, daga waje yake ɗauka, don haka yana buƙatar wurin shan zafi da wurin hucewa. Ƙwai a tsakiya ya hana shi duka biyun. Mayar da shi can ƙarshen akwatin. Ƙarƙashinsa ya kai digiri 35 zuwa 38, ɗaya ƙarshen kuma ya tsaya tsakanin 24 da 28.

Ƙwan halojin mai wat 50 ya isa akwati irin naka. Ka bar tazarar santimita 30 tsakaninsa da ƙoƙon bayan kunkurun, ba tsakaninsa da ƙasa ba. Shimfiɗa faffaɗan dutse a ƙasa, kunna awa biyu, sannan ka auna. In ya zarce, ɗaga ƙwan sama kaɗan ka sake aunawa. Ma'aunin nan mai allura da ake mannawa a gilashi, zafin gilashin kawai yake gaya maka. Nemi mai lamba da waya, ka ɗora kan wayar daidai inda dabbar ke kwanciya.

Rashin cin kuwa, in jikinsa bai yi ɗumi ba abinci ba ya narkewa a cikinsa, shi ya sa yake ƙin ci.

Uwar Gida, Mile 12:
Ɗan'uwa, fitar da akwatin daga ɗakin iyakwandishan tukuna. Daren Legas yawanci da ɗumi yake, wannan kuwa ya ishe shi ba sai an kunna masa komai da dare ba. Laima kaɗai ba ta cutar da ƙarami, har ma tana taimaka wa ƙoƙonsa ya tashi sumul. Sanyi ne in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa yake kawo ciwon huhu. Duba hancinsa. In ka ga kumfa, ko yana buɗe baki yana numfashi, sai likitan dabbobi.

Kada kuma ka kai akwatin bakin taga don ya sha hantsi. Gilashi yana tare UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da kunkuru yake buƙata don ƙashinsa, zafin kuma ya taru a ciki har ya halaka shi. Fito da shi tsakar gida da safe na rabin awa, da inuwa kusa, kana tsaye a kansa saboda hankaka da ɓera.

Mai Gyaran Wuta, Alaba:
Ta ɓangaren wuta, Alhaji, karanta kwalin ƙwan kafin ka biya. Na Amurka yawanci bolt 120 ne, tamu kuwa 230, kana kunnawa ya ƙone. Mariƙin ƙwan ya zama na tangaran, na roba narkewa yake yi. Haɗa shi da na'urar daidaita zafi mai rage haske a hankali, ba mai kashewa da kunnawa ba, don wannan tana gajarta ran ƙwai. Taima kuma, wato na'urar da ke kunna fitila da kashe ta a kan lokaci, ka sayi mai batir a ciki, awa 12 a kunne, 12 a kashe. Mai juyawa da haƙora, duk sanda NEPA ta ɗauke sai lokacinta ya rikice, ka tarar da fitila a kunne ƙarfe biyun dare.

Dutsen nan mai ɗumi da ake sa wa a soket, bar shi a shago. Yana ƙona cikin dabba kafin ta ankara ta matsa.