Don Allah a duba min wannan lissafin na pH

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun kemistiri a nan Jidda, wani lissafin taitireshan (ɗiga wa asid sinadarin da ke kashe shi ana bibiyar pH, wato ma'aunin ƙarfin asid a ruwa) ya hana ni sakat, ga jarrabawa ranar Lahadi. Asetik asid ne 25 ml, 0.1 M (M ma'aunin yawan sinadari ne a kowace lita), ana ɗiga masa NaOH (sinadarin da ke kashe asid) 0.1 M, Ka na asid ɗin (lambar da ke nuna ƙarfinsa) 1.8×10⁻⁵. A rabin hanya, wato da rabin asid ɗin ya ƙare, pH 4.74 ya fito min daidai da dokar Henderson-Hasselbalch ta lissafin pH. To a inda asid ɗin ya ƙare gaba ɗaya sai dokar ta ƙi aiki, na koma Kb (takwarar Ka a ɓangaren sinadaran da ke kashe asid) na asetet, wato abin da asid ɗin ya rikiɗe ya zama, 5.6×10⁻¹⁰, na sa yawan asetet ɗin a 0.1 M, pH 8.87 nake samu amma amsar malaminmu 8.72 ce. Wallahi ina so in gane dalilin, ba hadda ba. Daga ina bambancin ya shigo?